Danƙon Baturen da Ya Kai Ɗana Kotu

Zuwa ga Alhaji Mamuda,
Shugaban Ƙungiyar Noman Zumunci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa gwargwadon shekarunka da muƙaminka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara. Ni ce Hadiza ta Woodbridge, matar marigayi Malam Isuhu, mai kunyoyin yakuwa da kuɓewa a layin ƙarshe na gonar ƙungiya, can wajen shinge. Kunyar gona nake nufi, ranka ya daɗe. Ɗayar kunyar, wadda ta ɗaure mini baki tun watan Yuli, yau na naɗe ta na ajiye.

Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na kira wayarka har na gaji, ba ka ɗauka. Na zo gidanka wata Lahadi, Hajiya ta ce ka fita, alhali motarka tana ƙofar gida, takalmanka suna bakin ƙofa. Ban ga laifinta ba, matar kirki ce, ko kallona ta kasa yi. Na bi ta hannun dattawa, suka dawo mini da a yi haƙuri. Tunda abin ya ƙi yiwuwa a cikin ɗaki, zan faɗe shi a tsakar gida, inda duk mai yaro a gonar nan zai ji.

Saboda wanda wasiƙar nan za ta kai gare shi bai san mu ba, bari in yi bayani. Ƙungiyarmu tana hayar fili a hannun wani dattijon Bature, can cikin karkarar Virginia. Da rani, duk Asabar mukan cika motoci daga Woodbridge, wasu har daga Laurel da Clinton, mu je mu noma yakuwa da rama da gauta da kuɓewa, abubuwan da kantunan nan ba su san da su ba. Kai ka nemo filin, kai ka haɗa kanmu, kuma ba zan hana ka wannan ladan ba. Gonar nan ce ta fitar da ni daga ɗaki bayan rasuwar maigidana. Matsalarmu guda ce, wata dabba mai haƙa rami da muke kira gafiya duk da ba ita ba ce, ta fi ta jiki, ta fi ta rashin kunya. Sai ka bar kuɓewa ta yi ganye shar, ka dawo ka tarar da kara tsirara.

Ɗana na fari, wanda kowa yake kira Abba, shekararsa goma sha biyar. A ƙarshen watan nan zai zauna gaban jami'in kotun yara, kuma cikin abin da ake tuhumarsa da shi har da ɗaukar abin da ba nasa ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ga ƙorafina dalla-dalla.

Na ɗaya, sunan da ka sa wa abin.

A farkon rani, bayan mun idar da azahar a ƙarƙashin rumfa, mutane suka yi ta kukan ɓarnar gafiya. Ka miƙe ka ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ka sayo wa samari "danƙon Bature", za su yi maganinta. Muka yi dariya, muka ce Allah ya saka da alheri. Ni a ƙauye na tashi, Alhaji. Na san danƙo. Gwafa ce da roba da tsakuwa, da shi yayyena suke korar tsuntsaye daga gero. Da ka ce na Bature, abin da ya zo raina shi ne irin wancan, sai dai an yi masa fenti an sa shi a kwali. Babu mace ko ɗaya a rumfar nan da ta ga abin da idonta, domin yana cikin but ɗin motarka.

Abin da ke cikin but ɗin bindiga ce. Doguwa ce, da madubin hange a samanta, ana karya ta a tsakiya a sa mata ƙwayar dalma, iska ta tura ƙwayar da ƙarfin da ya isa ya kashe dabba. Sunanta bindigar iska. Ka san sunan, domin da shi ka nema a kantin da ka saya, ba ka ce wa mai kantin ya ba ka danƙo ba. Yanzu kuma ina jin kana gaya wa dattawa cewa ai iyaye sun amince, tunda sun yi maka addu'a. Danƙo na yi wa addu'a. Da ka ce bindiga, da ka ji amsata tun kafin ka rufe baki, kuma ina kyautata zaton shi ya sa ba ka ce ba.

Na biyu, doka.

Ni ba lauya ba ce, tsofaffi nake kula da su a gidan jinya. Amma wahala ta sa na zauna da lauya, ta yi mini bayani, na kuma karanta da kaina. A inda gonarmu take, yaron da bai kai shekara goma sha shida ba ba ya harba bindigar iska sai da babba a tsaye a kansa, kuma babban nan ko dai mahaifi ne, ko mai riƙon yaron, ko wanda iyayen suka yarda da shi. Wanda ya haura goma sha shida ma sai da izinin iyayensa a rubuce. Sai mai filin ya yarda. Sannan dole a kula kada ƙwayar ta tsallake iyakar fili ta shiga na wani.

Wanne ka cika a ciki? Ba ka tambaye ni ba. Ba ka tsaya a kansa ba. Baturen da ya ba mu haya ya zo da kansa bayan abin ya faru, ya ce babu wanda ya taɓa neman izininsa, kuma da an nema da bai bayar ba, domin gidan maƙwabcinsa yana nan bayan itatuwa. Kai ne fa mai tara mu kana yi mana lacca a kan inshorar mota da lokacin biyan haraji. Tun ba a haifi Abba ba kake ƙasar nan. Ba zan yarda cewa mutumin da ya san ranar da lasisin kowa zai ƙare bai san ana tambaya kafin a miƙa wa ɗan wani bindiga ba.

Na uku, abin da ya faru ranar.

Wata Asabar ce a watan Yuli, ina wurin aiki. Na haɗa Abba da iyalin Malama Rabi, maƙwabciyata, don ya cire mini ciyawa. Fartanya na ba shi da gorar ruwa. Bayan azahar ka kira shi wajen motarka, ka buɗe but, ka nuna masa yadda ake karya bindigar, kai ka sa masa ƙwayar farko da hannunka. Ka nuna masa ramin da ke gindin shinge, ka ce ya zauna ya jira gafiya ta fito. Daga nan aka ce maka famfon ban-ruwa ya tsaya, ka tafi ɗaya ƙarshen gonar ka bar shi.

Dabbar ta leƙo, ya harba, ya kuskure. Ƙwayar ta tsallake shinge ta fasa gilashin motar maƙwabci, a daidai lokacin da matarsa take sauke abincin kaji daga bayan motar. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Mijinta ya kira 'yan sanda. Na je gidansu daga baya na ba su haƙuri, matar ta ba ni labarin yadda abin ya faru. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Da ni ce aka harbo wa abu ina tsaye a ƙofar gidana, da ban tsaya neman wanda ya yi ba, waya zan ɗauka.

Na huɗu, kuma wannan ne yake hana ni barci, amsar da ka ba ɗan sanda.

Tun ranar da aka binne mahaifin yaran nan kake ce wa Abba "ɗana". A maƙabarta ka dafa kansa a gaban jama'a ka ce in dai kana raye bai yi maraici ba. Na yi kuka ranar, na ji daɗin maganar. Shi kuma ya riƙe ta fiye da yadda na zata. Baba Alhaji yake ce maka. Yaron da in na yi masa Hausa yake mayar mini da Turanci, in ya gan ka sai ya rusuna ya gaishe ka da Hausar da ta rage masa.

Ɗan sanda ya tambaye ka ko ɗanka ne, ka ce a'a. Wannan ban riƙe ka da ita ba, domin a ma'anarsu gaskiya ka faɗa. Sai ya tambaye ka wa ya ba yaron bindigar. A nan ka ce bindigar taka ce, tana cikin mota, yaron ne ya je ya ɗauka ba da saninka ba.

Ɗan sandan ya juya ya tambayi Abba ko haka ne. Abba ya sunkuyar da kai. Ya sake tambayarsa, ya ce ya ɗago ya kalle shi. Bai ɗago ba, bai ce uffan ba. Kai ka san ma'anar wannan shirun, duk wanda ke tsaye a wurin ya sani: yaro ne da aka hana shi ƙaryata babba a gaban mutane. Ɗan sandan bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. A wurinsu wanda ya kasa kallon idonka ya amsa laifinsa. Ya rubuta abin da ya gani. Kana tsaye kana kallon yana rubutawa, kai da ka fi kowa Turanci a gonar, ba ka ce masa dakata ba.

Ina cikin ba wata tsohuwa abinci aka kira ni. Na miƙa wa abokiyar aikina cokali na fita. Ban san yadda na tuƙa motar ba. Da na isa na same shi zaune a bakin kunyar yakuwata, fartanyar tana gefensa, kai kuma ka riga ka tafi, wai kanka yana ciwo.

Lauyar ta ce maganar harbin mai sauƙi ce. Yaro ne, ba a taɓa kama shi da komai ba, babu wanda ya ji rauni, ana iya kashe ta da gargaɗi da ɗan horo ba tare da an kai gaban alƙali ba. Amma maganar buɗe motar wani a ɗauki bindiga daban take, ita ce mai iya manne masa. Harbin kuskurensa ne, na yarda, ya kuma sha faɗa a kai. Ɗaukar ba ta faru ba. Bakinka ne ya ƙirƙire ta.

Na biyar, dalilin da dattawa suka kawo mini.

Sun zo gidana su uku, na shimfiɗa musu, na kawo ruwa. Suka ce in duba halin da kake ciki: kana jiran a kira ka ganawar zama ɗan ƙasa, ba ka son sunanka ya shiga takardar 'yan sanda. Suka ce in Baturen ya ji ƙungiya ce ta kawo bindiga, zai karɓe filinsa, iyalai da yawa su rasa. Sai ɗayansu ya faɗi maganar da har yau take ci mini rai. Ya ce, "Ai shi yaron a nan aka haife shi, babu inda za a kai shi."

Wato kun zauna kun auna, kuka ga wanda ya fi sauƙin ɗora wa kaya. Fasfon da mahaifinsa ya yi murna da shi ranar da aka kawo, shi ne ya zama dalilin da za a ce masa ɓarawo. Na san tsoron takardu, Alhaji. Na yi shekaru ina jin faɗuwar gaba duk lokacin da na buɗe akwatin wasiƙu. Ban raina tsoronka ba. Amma ban taɓa jin tsoron da ya sa na kama ɗan wani na sa a gabana ba. Kuma ka faɗa wa kanka gaskiya ko da ba za ka faɗa mini ba: da Malam Isuhu yana raye, yana tsaye a gonar nan ranar, da ka iya furta abin da ka furta?

Ku ma da kuka gani kuka yi shiru, wasiƙar nan taku ce. Akwai maza a gindin rumfa da suka ga an buɗe but, suka ga hannun da ya miƙa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce yana waya a lokacin, wancan ya ce shi ba ya son harkar kotu. Malama Rabi kaɗai ta ce za ta je ko'ina, sai dai tana can nesa tana tsinkar gauta, ta ga ka kira shi amma ba ta ga miƙawar ba, kuma ba zan sa ta rantse a kan abin da ba ta gani ba. Sannan ina roƙon duk wanda yake ajiye mini ledar kuɓewa a ƙofar gida ya daina. Na gode, amma ba yunwa ce take damuna ba.

Bari in gaya maka halin da yaron yake ciki, tunda ba ka tambaya ba. Ya daina zuwa ƙwallo. A masallaci yara sun sa masa suna, wata uwa kuma ta hana ɗanta shiga mota ɗaya da shi, a gabana ta janye shi. Ƙannensa mata biyu suna tambayata ko za a tafi da yayansu. Ya gaya mini komai, ya gaya wa lauya komai a ofishinta, amma da ta ce masa haka zai maimaita a gaban jami'in kotu, sai ya girgiza kai. Ta yi juyin duniya ya ƙi. A mota na rufe shi da faɗa, na ce rayuwarsa ce fa, karatunsa ne, sunan ubansa ne. Muka hau babbar hanya. Sannan ya ce mini, da Hausa, "Umma, ai babba ne. Zai zo ya faɗa da kansa."

Yana jiranka, Alhaji. Duk lokacin da waya ta yi ƙara a gidan nan sai ya ɗago kai.

Saboda haka ga abin da nake nema.

Ka zo wurin zaman nan na ƙarshen wata, ko ka kira lauyar kafin ranar, ka faɗi abin da ya faru: kai ka kira shi, kai ka miƙa masa, kai ka tafi ka bar shi. Lambarta tana cikin saƙonnin da na tura maka ba ka buɗe ba. In kana tsoron abin da zai biyo baya, ka nemi naka lauyan ya raka ka, wannan haƙƙinka ne, kuma ni ba burina ba ne in ga an wulaƙanta ka. Ba na neman ko sisinka. Maganar gilashi na riga na gama da mutanen.

Ka je wurin mai filin ka gaya masa gaskiya da bakinka. In ya karɓe gonarsa, za mu nemi wata. Na fi kowa son kunyoyin nan, amma ban haifi ɗa don ya zama kuɗin haya ba.

Ga sauran shugabannin ƙungiya kuma, kada a ƙara shigo da bindiga kowace iri gonar nan sai an tara iyaye an kira ta da sunanta, an karanta musu abin da doka ta ce da harshen da suke ji, mai fili ya yarda, kuma an san babban da zai tsaya a kan yaro har ya gama. In ba za a iya ba, a sayi waya a kewaye kunyoyi, gafiyar ta ci abin da ta samu.

In ranar ta matso ba ka zo ba, ga abin da zan yi, ina gaya maka tun yanzu don kada a ce na yi maka ba-zata. Zan zaunar da Abba in ce masa ya ɗaga kansa, ya kalli jami'in nan ido cikin ido, ya kira sunanka, ya ce ƙarya ka yi. In ya ƙi, zan haɗa shi da girman haihuwar da na yi masa, kuma na san ba zai tsallake wannan ba. Ni na koya masa rusunawa, a ƙasar da babu mai koya wa yaro ita, ina dawowa daga aiki a gajiye ina gyara masa gaisuwa. Ni ce kuma zan warware ta da bakina. Na san bayan ranar ba zai ƙara kallon wani mai furfura yadda yake kallonsa yanzu ba, wataƙila har da ni. Zan yi, domin gara ya rasa wannan da a rubuta masa sata. Amma ba na so in yi, kuma kai kaɗai ne za ka iya hana ni.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah ya ba ka takardun da kake jira, ya rufa maka asiri da kai da iyalinka, ya raya maka naka 'ya'yan a hannunka. Allah kuma ya sa ka riga ni buɗe baki.

Wassalam.

Hadiza, mahaifiyar Abba,
Woodbridge, Virginia.